Lambar Ɓargon Kara

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu jikokina sai na tsaya na yi lalube, amma ranar da Tanko Ƙirya ya sunkuyo ya shigo ajina ba ta cikin abin da na manta. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin koyarwa, ku malaman yanzu da kuke ɗauke da allo a cikin waya, to wannan zan ba ku. In tsoho ya yi ratse, ku yi haƙuri da shi.

Lokacin ana cikin yaƙin basasa. Ina saurayi, ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, da takardata mai daraja ta uku, wato matakin farko na malamin da ya sami horo. Aka tura ni wata 'yar makarantar En'e, wato ta hukumar gargajiya, a wani ƙauye can bayan Randagi, daf da bakin daji. Ginin ƙasa ne da rufin kwano. Malam Bawa ne hedimasta, ni kuma ina riƙe da aji huɗu. A samanmu akwai malamin zagaya, wanda yakan zo a kan keke daga Birnin Gwari ya duba aikinmu, ya kai rahoto ga Wakilin Makaranta. Yaranmu 'ya'yan manoma ne, Hausawa da Gbagyi, Musulmi da Kirista, duk a benci ɗaya. In an fita tara sai su juya harshe su yi gulmata a gabana, ni kuwa ina ta murmushi ban san ni ake ci ba.

Bafulatani ɗaya ne tak a makarantar, sunansa Buba. Ubansa ya bayar da shi ne ba da son ransa ba, don an ce kowace ruga ta kawo yaro. Siriri ne, mai dogon wuya, ba ya magana sai an tambaye shi. Ya zaɓi wurin zama a bakin taga, inda zai riƙa hango shanu in suna wucewa. Karatu kuwa, sau ɗaya ake faɗa masa abu. Ba zan ɓoye muku ba, duk ajin na fi son sa, ko da yake an ce malami ba ya zaɓe.

Ku ba ku san agana ba, kuma ku gode wa Allah. Mutane ba sa son kama sunanta, sai su ce 'yan rani. In ta shiga gari takan kwashe yara, wanda ya tsira kuma ta bar masa zanzana a fuska, wani ta tafi da idonsa. Rigakafinta shi ne lamba. Ana ɗan karce dantsen hagu a sa magani, wurin ya kumbura ya yi ɓawo, in ya warke ya bar tabo zagayayye. Abu ne mai sauƙi, amma mutanenmu na tsoron sa. Da an ji motar masu lamba, sai a tura yara gona, wasu har cikin rumbu ake ɓoye su. Mu malamai mun yi bayani har muryarmu ta dushe. Sai hukuma ta yi dabara, ta ce a nemo mutanen da jama'a ke so, mawaƙa da 'yan wasa, a riƙa kai su makarantu suna faɗa wa yara da bakinsu.

Mu rabonmu Tanko Ƙirya ne, ɗan kokawar da a lokacin ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Yaranmu ba su taɓa ganin sa ido da ido ba. Sun dai ji kiɗansa a rediyon mai gari, kuma sun gan shi a farin ƙyalle da aka kawo majigi. Wannan ya isa. Duk yashin da ke bakin rafi ya zama fagen kokawa, kuma kowane yaro shi ne Ƙirya, ba mai yarda ya zama abokin karawa.

Ya zo a ƙarshen damina, cikin motar ofishin yaɗa labarai mai lasifika a ka. Na zaci zan ga ƙato mai cika ƙofa yana huci. Ƙofar kam ya cika ta, amma mutum ne mai kunya, mai sanyin murya. Bai taɓa shiga aji ba a rayuwarsa. Da ya ga baƙin allo da rubutu a kai, na lura gumi ya karyo masa. Jami'in da ya rako shi ya haddatar da shi jawabi tun a hanya, amma da ya tsaya gaban yara sai jawabin ya gudu ya bar shi. Jami'i ya yi ta raɗa masa daga gefe. Can sai ya tuɓe rigarsa ya ajiye a kan teburina, ya tura kambun da ke dantsensa sama, ya nuna tabon lambarsa.

Ya ce, "Yara, ni ban iya magana ba. Kun ga wannan? Mu huɗu uwarmu ta haifa. Agana ta kayar da uku, ni kaɗai aka yi wa wannan, ni kaɗai na rage. Duk mai wannan a hannunsa, agana ba ta kama shi. Kuma duk mai irin ta, ɗana ne."

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Ya durƙusa, yara suka yi layi suna taɓa tabon. Buba ne na ƙarshe. Ya daɗe yana shafawa, har ya ɗora babban yatsansa a kai kamar mai awo. Ƙirya ya dafa kansa ya yi dariya. A ranar na ce a raina, abin da muka shekara muna fama a kai, mutumin nan ya gama shi kafin a buga ƙararrawa.

Tsarin shi ne masu lamba su biyo bayansa cikin makon. Ba su zo ba. Ruwan ƙarshe ya karya wata gada, sannan aka ce an karɓe motarsu an tura ta wani aikin saboda yaƙi. Sai da aka yanke dawa suka iso. A wannan tsakanin ne abin ya faru, a bayan idonmu.

Akwai wani wasa da yaran ƙauye ke yi in suna tsaron gona ko kiwon awaki. A ɓare karan dawa a ciro ɓargonsa, a yanko ɗan guntu, a liƙa shi a fata da yawu, a kunna masa wuta a sama. Sai ya riƙa ci a hankali har ya kai ga nama. Wanda ya karkaɗe hannu, rago ne. In ya warke yakan bar tabo zagayayye. Ni ma ga nawa nan a tsintsiyar hannu, ku duba, kusan duk namijin da ya tashi a ƙauye a zamanin yana da shi, kuma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Yaran ajina sun jira masu lamba sun gaji. Suna so su zama 'ya'yan Ƙirya, ga kara ya bushe a ko'ina. Sai kawai suka matsar da wasan daga tsintsiyar hannu zuwa dantsen hagu, inda hannun riga ke rufewa.

Ranar lamba, ba yaron da ya gudu. Malam Bawa har da ƙwalla don murna. Amma maganin da suka zo da shi kaɗan ne, ga ƙauyuka a gaba, don haka umarnin da aka ba su shi ne duk mai tabo a ware shi gefe. Shugabansu yana tsaye a bakin layi, ya ɗaga hannun riga, in ya ga tabo ya tambaya ko an yi maka, ka ce e, ya ce wuce. Bai yi mamaki ba, domin malamin asibiti yakan yi wa wasu lamba a ranakun kasuwa. Ni ina can ƙarƙashin mangwaro tare da matar hedimasta muna tsare layin 'yan mata. Aka gama, aka ci tuwo, mota ta tafi, kowa yana yaba wa kowa.

Bayan kamar mako guda, rabin makaranta na fama da kumburin hannu da ɗan zazzaɓi, alamar lamba ta kama. Ina cikin darasi sai ga wata mata, Laraba, ta shigo ko sallama babu, tana jan ɗanta ɗan aji ɗaya. Ta yaye masa riga. Ƙuna ce ɗanya a dantsensa, ta fara ruwa.

Ta ce, "Malam, wace irin lamba ce wannan kuke yi wa yara da wuta?"

Na durƙusa na lallashi yaron, ya ce manya ne suka yi masa, sun ce lambar Ƙirya ce.  Na kira Malam Bawa, muka sa duk maza suka tuɓe riga. Shi ya ga lamba iri-iri a rayuwarsa, yana dubawa da kyau ya riƙa ware su. Bakwai ya fitar. Suka tsaya gaban allo suna banƙaro ƙirji, ba alamar sun yi laifi. Na ce don me suka ce wa mai lamba an yi musu? Ɗaya ya ce ai an yi musu, kuma tasu ta fi ta sauran, don su ko uffan ba su ce ba. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ba tsoron allura ya hana su ba, abin da suka jure ya fi allura zafi nesa ba kusa ba. Su har ga Allah sun ɗauka sun riga sun tsira.

Na tambaya wa ya fara. Suka ce Buba, shi ne ma ya san daidai faɗin da za a yanka.

Na waiwaya bakin taga. Bencin ba kowa. Kwana biyu bayan lamba ubansa ya zo ya ɗauke shi, ya ce rugarsu za ta tashi, ruwa ya fara janyewa, za su nausa daji su yi kudu da shanu. Kuma a makon nan fatake suka kawo labarin cewa 'yan rani sun sauka a ƙauyukan ƙetaren kogi, wato inda suka dosa. Yaro yana tafe cikin agana da tabon kara a hannu, yana ganin ba abin da zai same shi. Ko wasu masu lamba ya tarar a can, hannunsa za su duba su ce ya wuce.

Malam Bawa bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Malam Sani, ɗauki kekena, ya fi naka taya. Ni zan riƙe maka aji."

A Birnin Gwari na fara da malamin zagaya, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya saurare ni, ya ce yara bakwai ba matsala, za a turo a yi musu. Amma ɗan Fulani, wa zai bi sawun shanu cikin wannan daji? Na roƙe shi har ya gaji da ni, ya ba ni izinin 'yan kwanaki. Malamin asibiti, wani dattijo mai suna Malam Ishaya, ya ce yana da ragowar magani kuma zai bi ni. Ina fitowa daga wurinsa na ji kiɗa a bakin kasuwa. Aka ce ai Ƙirya na gari, ya zo kokawar kaka, da la'asar zai shiga fage.

Na same shi a zauren mai masaukinsa, mutane sun kewaye shi. Ban je don in ɗora masa laifi ba, so nake ya sani kafin ya shiga wata makarantar. Da na gama, ya dube ni. Sai ya tambaye ni ko yaron nan ne mai dogon wuya, wanda ya daɗe yana shafa hannunsa. Na ce shi ne. Ya miƙe ya ce a nemo masa keke. Makaɗinsa ya tuna masa da fage, ga jama'a sun taru tun daga Damari. Ya ce a ba su haƙuri, akwai ɗansa a daji.

Kai, dajin nan. Ku da kuka taso kuka tarar ana faɗin sunansa ƙasa-ƙasa ba za ku gane ba. A lokacin mu uku muka shige shi a kan kekuna, ba ko sanda, abin tsoronmu bai wuce ɓauna da tsando ba. Doka da maɗaci sun haɗe a sama, ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Gwanki ya tsallake hanya ya tsaya yana kallon ka. Duk bukkar da ka tarar, kafin a tambayi sunanka an miƙo maka ƙwaryar nono. Ina kewar wannan daji kamar yadda ake kewar mutum, kuma na san ba zan sake shigar sa ba.

Mun sami tsohuwar rugar su Buba, sai toka da turaku da kashin shanu da ya bushe. Muka bi burtali. Inda keke ya ƙi, muka saɓa shi a kafaɗa, Ƙirya yakan haɗa nasa da na Malam Ishaya. Duk rugar da muka isa, da an ji ga Ƙirya sai a fito, har waɗanda da jin masu lamba suke kora yara cikin ciyawa. Malam Ishaya ya yi ta yi musu lamba. Kowa muka tambaya, sai ya ce e, sun wuce, suna gaba. Haka muka yi ta bi har bakin kogi. A can wani tsoho mai kwalekwale ya ce sun ƙetare tuni, kuma a ƙetaren burtali ya rabu uku, bai san wanda suka ɗauka ba. Maganin Malam Ishaya ya ƙare, izinina ma ya ƙare.

Ƙirya ya shiga ruwa har gwiwa, ya haɗa hannu a baki ya ƙwala kiran Buba. Mutumin da a aji da ƙyar ake jin sa, ranar muryarsa ta cika kogin. Ya kira, ya sake kira. Ba abin da ya amsa sai tsuntsaye da suka tashi. Da ya fito, ya cire kambunsa ya ba mai kwalekwale, ya ce in Allah ya sa sun dawo ta nan a ba yaron, a ce masa in ji Ƙirya, tabon hannunsa ba lamba ba ne, ya je a yi masa ta gaske. Muka juyo.

Yara bakwai an yi musu lamba, duk sun tsira. Shi kuwa Ƙirya, daga nan ya sauya. Ya gaya wa ofishin yaɗa labarai cewa ba zai ƙara taka wata makaranta ba sai masu lamba na tare da shi a ranar. Ya daina nuna tabo. Sai ya zauna a ɗan bencin yara, gwiwoyinsa har haɓa, ya miƙa hannu a karce shi a gabansu, sannan ya tsaya har a gama da na ƙarshe. An ce wani babban jami'i ya yi masa faɗa cewa ana ɓarnar magani a kan mutum ɗaya. Ya ce to a karce shi ba magani, shi dai yara su ga yadda ake yi.

Damina ta dawo, rugage suka dawo, ta su Buba ba ta dawo ba. Na hana kowa zama a bakin tagar nan har ƙarshen shekara. Duk kaka kuma, sai wani direban babbar mota da ke ɗaukar hatsi ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce Ƙirya na gaishe ni, yana tambaya ko an ga yaron. In ce a'a. Aka yi mini canjin makaranta, na sami daraja ta biyu, na zama hedimasta, saƙon bai fasa nemo ni ba. Ƙirya ya tsufa, an kayar da shi, rediyo ya daina kiɗansa, yara suka sami wasu gwanayen. Wata shekara direba ya tsaya bai kashe mota ba, ya ce mini Allah ya yi wa Ƙirya rasuwa.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, kuma ku riƙe shi, ku da ake turo muku 'yan fim da 'yan ƙwallo su yi wa yara nasiha. Yaro ba ya jin jawabin wanda yake so, kallon sa yake yi, kuma abin da ya gani zai yi, da kayan da ke hannunsa. In za ku kawo masa gwaninsa, ku kawo shi tare da abin da ake so a yi, a ranar, a gabansa. Shi kuma mai suna, kada ku raina shi don bai yi boko ba. Na yi aiki da masu manyan takardu da yawa, ban ga wanda ya ɗauki maganar da ya faɗa a aji da nauyi kamar Tanko ba.

Shekara biyu bayan rasuwarsa, ina zaune a barandar makaranta ina ɗaukar sabbin yara. Kun san yadda muke yi, yaro ya ɗora hannu ta saman kai, in ya taɓo kunne ya isa shiga aji ɗaya. Sai wani Bafulatani ya matso da 'yar yarinya. Kafin in ce ta ɗaga hannu, ya naɗe mata hannun riga ya nuna mini tabon lambar da ake yi wa jarirai a asibiti.

Ya ce, "Malam, duba da kyau. Wannan ta gaske ce."

Na ɗaga kai. Fuskarsa duk zanzana, idon dama ya yi fari fat. Amma wuyan nan na san shi. Alƙalami ya faɗi daga hannuna, sai da shi ya riƙe ni. Ya ce agana ta kama shi a ranin nan, ta ɗauke ƙannensa biyu, shi ta bar shi haka. Sai bayan shekaru suka sake biyowa ta mashigar nan, ɗan mai kwalekwale ya ba shi ajiya. Ya zaro kambun daga aljihu, fatar ta yi baƙi ta tsattsage. Ya tambaye ni ko da gaske ne Ƙirya da kansa ya biyo shi har kogi. Na ce da gaske ne, har cikin ruwa ya shiga yana kiran sunanka.

Sai ya ce yana so in kai shi ya gai da Ƙirya.

A kakar nan direba ya zo ɗaukar hatsi kamar kullum. Ina jin ƙarar motarsa na fita da gudu, ni da furfurata, na tare shi a tsakiyar hanya. Na ce masa an ga yaron. Ya dube ni ya ce, Malam, to wa zan gaya wa?